Zinariyar da Ba a Sawa a Kunne

Satina biyu da kama aiki muka yi faɗa da Mai Inji, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa rabin laifin nasa ne. An ɗauke ni wankin kwalabe da shara a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'a, aka ce duk abin da na gani da datti in wanke. Na shiga ɗakin can na ƙurya, na tarar da 'yan gilasai goma sha biyu a jere a faranti, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, duk sun yi jaja-jaja kamar an ɗiga musu ruwan wankin nama. Na ce a raina, wane ƙazami ne ke aiki a nan. Na sa soso da sabulu na dirje su tas, na jera su a bakin taga suna ƙyalli.

Da ya shigo ya gan su sai ya dafa bango. Dogo ne siriri mai babban maƙogwaro. A hankali ya tambaye ni ko na san abin da na tura kwata. Na ce datti. Ya ce zinariya ce, aikin wata huɗu.

"Zinariya ja?" na ce. "Bawan Allah, an huda mini kunne tun ba a yaye ka ba. In zinariya ce ina ƙyallinta? In kuma dukiya ce, me ya hana ka rufe ta? Ka bar abu a buɗe kamar kwanon kare, sannan ka zo kana dafa wa mutane bango."

Ya nuna mini wata takarda da ya manna a jikin farantin, ya ce ga shi nan ya rubuta kada a taɓa. Na ce ya je ya nuna wa wadda ta shiga aji, ni da rubutu da sawun kaza duk ɗaya ne a idona. Na kwana da shirin a kore ni, amma bai kai ƙarata ko'ina ba. Washegari na same shi durƙushe da gwangwanin fenti, ya ja layi rawaya daga bango zuwa bango. Ya ce daga nan zuwa ƙofa nawa ne, in share in goge yadda na ga dama. Daga nan zuwa ciki, ko wuta na ga tana ci, kada in taɓa. Shekara talatin da ɗaya muka yi da layin nan a tsakaninmu. Ni ina ce masa Mai Inji, saboda injin da yake kula da shi a ɗakin, in ya ɓata mini rai in ce Malam Kar-ki-taɓa. Shi da farko baiwar Allah yake ce mini, daga baya ya koma Yaya.

Ubansa mai gyaran agogo ne a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, a wurinsa ya gaji hannu. Karatunsa bai yi nisa ba. Cikin masu jan wayar lantarki ya shigo jami'ar, shekarar da aka kawo injin a akwatunan katako. Waɗanda suka zo daga waje don haɗa shi suka lura duk kusar da ya kwance sai ya jera ta a kan ƙyalle bi da bi, kuma ba ya ɗaure ta da ƙarfin tsiya. Da za su tafi suka ce wa Farfesa, mai ɗakin, in yana son injin ya yi rai ya riƙe wannan dogon.

Injin kamar tankin ruwa yake a kwance, na ƙarfe mai sheƙi, da 'yar taga zagayayya da ba ta fi bakin kofi ba, da dogon bututu da ya huda bango ya shiga ɗaki na biyu. A ƙarƙashinsa akwai famfon da ke tsotse iskar ciki, yana tuk-tuk-tuk ba hutu. Kullum da safe kafin ya gaishe ni sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin famfon, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Matarsa ta taɓa ce mini ya fi sanin tarin famfon nan a kan tarin 'ya'yan da ya haifa. Ba ta faɗa da zafi ba, ta riga ta saba.

Na ga ɗalibai sun zo ba su san kan sukudireba da gindinta ba, bayan shekara huɗu a kira su Dakta, su wuce ni a baranda suna kallon sama. Shi ke kunna musu injin, shi ke gyara abin da suka ɓata, shi ke gaya musu wace takardar sakamako ce ta gaskiya, wacce ce injin ya yi musu ƙarya. Wata rana ya buɗe mini wani ƙaton littafi ya ɗora yatsa a can ƙasan shafi, ya ce ga sunansa nan. Na tambaye shi na wa ke samansa, ya ce na wadda ta buga littafin a keken rubutu. Na ce to Allah ya ƙara ɗaukaka, saura ƙiris ya kamo ta. Ya yi dariya har ya ƙware.

Ƙarfe goma muke shan shayi, shi a kujerarsa cikin layi, ni a kan bokiti kife a waje. A nan, kurɓi-kurɓi, na san abin da na tura kwata. Ya ce in aka mayar da zinariya ƙanana har sai an jera dubu bakwai kafin su ƙetare silin gashi ɗaya, sai ta bar launinta ta koma ja. Duk da haka kowace tsaba ɗaya tarin ƙwayoyin zarra ne dubbai, manne da juna. Aikin injin ya harbe su da wasu ƙwayoyin da lantarki ya ingiza da gudu. Masu boko ayon suke cewa, ni kuwa harsashi yake ce mini don in gane. Shi ya sa ake tsotse iskar, don kada harsashin ya yi karo da ita a hanya.

In harsashin ya faɗa a babban dunƙulen zinariya, in ji shi, sai ya nutse, zafin ya watsu cikin maƙwabta, 'yan kaɗan ne ke tsalle su fita. Amma ƙaramar tsaba ba ta da inda za ta tura zafin. Sai ta tafasa a tsaye ta fashe. Abin da ke fitowa kuma ba ɗai-ɗai kawai ba ne, curi-curi ne: uku manne, biyar manne, har ashirin da wani abu. Injin yana auna nauyin kowane curi, daga marasa nauyi zuwa masu nauyi, ya zana su kamar tsaunuka. Ya ce tsaunin uku da biyar da bakwai kullum ya fi na biyu da huɗu da shida tsawo. Na ce ashe har ƙarfe ya san mutum biyu ba sa zama lafiya sai da na uku mai rabon faɗa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai duk tsawon shekarun nan. Curin nan, a haɗe suke ɓallewa daga jikin tsabar, ko kuwa ɗai-ɗai suke fitowa, cunkoso ya sa su cafki juna a waje? Na ce kamar ranar da gobara ta tashi a layinmu ke nan: wasu sun fito riƙe da hannun 'yan ɗakinsu, wasu sai a titi suka damƙi hannun wanda suka samu. Ya ajiye kofi ya ce ai kuwa shi ke nan tambayar. Na ce to ka tambaye su mana. Ya ce shirin da yake yi ke nan.

Dabararsa ita ce ya zuba tsabar zinariya da tsabar azurfa a gilashi ɗaya, a matse, kafaɗa da kafaɗa. Azurfa ba ta kai zinariya nauyi ba, don haka injin zai bambance su. In curin sun fito zinariya zalla da azurfa zalla, to daga gida suka fito a haɗe. In kuwa aka ga gauraye, to a waje suka haɗu. Da ya kai wa Farfesa maganar, Farfesa ya ce harsashi ɗaya ba ya cin gida biyu, kuma masu manyan kwamfutoci a waje sun riga sun ce abin duka biyun ne. Mai Inji ya ce ya ji, amma yana so ya gani a takardarsa. Farfesa ba mugu ba ne. Cewa ya yi a bari sai ɗaliban bana sun gama. Shekara ashirin ɗaliban bana ba su gama ba, don da waɗannan sun fita wasu sun shigo. Na sha ce masa ya yi abinsa a sace ranar hutu, wa zai sani. Sai ya ce injin amana ne. Na ce amana ta ci gidanku.

Sai Farfesa ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi ba ruwansa da harbin zinariya, ɗalibai suka ɗauke ƙafa. Shekara biyu Mai Inji yana kunna famfo yana kashewa don kada ya daskare, yana jiran izini daga mutumin da ko sunansa bai riƙe ba. Ranar wata Litinin takarda ta zo: ƙarshen wata za a yanka injin a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, ɗakin ya zama ofisoshi. Ya karanta mini ita sau biyu. Na ce to yanzu amanar wa ta rage? Da yamma na ga ya sauko da kwalaben ruwan zinariya da na azurfa da ya ɓoye a saman kabad.

Kafin sati ya zagayo 'yan sito suka zo da jerin kayansu suka ɗauke kwamfutar da ke karɓar sakamako. Ya roƙe su kwana ashirin, suka ce su abin da ke rubuce suke bi. Sai ya jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin tebur, wanda aka daina aiki da shi tun kafin in yi furfura. Shi wannan zanen tsaunukan yake yi kai tsaye a kan takarda mai santsi da ke naɗe a cikinsa, irin ta rasit ɗin kanti amma mai faɗi. Ya hure ƙurar, ya haɗa wayoyi, abin ya yi motsi. Naɗi ɗaya ne ya rage a ciki.

Hannunsa ne matsalar. Ni na fara ganewa, tun bara, daga ƙarar cokali a jikin kofi. Likita ya ce jininsa ya hau, matarsa kullum tana cusa masa ƙwayoyin magani a aljihu, ni kuma ina tsintar su a ƙasa in na zo shara. Sati biyu ya yi yana haɗa gilasai uku. Na farko ya suɓuce daga hantsaki ya faɗi ta fuska. Na biyu ya karce shi da bakin hantsakin. Ya zauna yana kallon hannun damansa yana rawa a kan gwiwa kamar ba nasa ba. Can ya ce, "Yaya, ƙetaro."

Na ce shekara talatin da ɗaya, sai yau da gidan zai rushe za a ba ni ɗaki. Amma ƙafata sai da ta yi nauyi a kan layin nan. Ya sa na wanke hannu sau uku, ya sa mini safar hannu, ya ce kada in yi numfashi a kan gilashi na ukun. Launinsa ba ja ba, ba rawaya ba, kamar ruwan kwata bayan an yi ruwan sama. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe kwalba mai santsin sabulu ba ya yar da abu. Na ɗora shi a mazauninsa cikin tankin, ya ɗaure murfin da kusoshi goma sha shida, ni ina riƙe masa sifana.

Kwana huɗu famfon ke bukata kafin iskar ta fita yadda ake so. Akwai wani agogo mai allura ɗaya, sai allurar ta kwanta can hagu ake harbi. Kwana shida suka rage mana. Ranar ta biyu da rana tsaka aka ɗauke wuta. Janareton ginin kuwa an riga an kai shi sabon gini. Muka zauna, shi a kujera ni a bokiti, babu abin da hannu zai kama, babu wanda za a je a roƙa. Na zagi masu wuta, na zagi iyayen gidansu, na haɗa da wanda ya ɗauke janareto. Da wuta ta dawo bayan minti arba'in, allurar ta koma inda ta fito, kamar ba a yi komai ba. Ya ce a sake daga farko. Ya lissafa da yatsu, lissafin ya faɗa daidai safiyar da za a zo yanka.

Ƙarfe takwas suka iso, su biyar, da tukwanen gas da abin yankan ƙarfe. Na gicciya bokiti da sandar mofa a bakin ƙofa, na ce wa ubangidansu duk wanda ya ƙetare sai ya sha ruwan mofa. Ya yi dariya ya ce, Iya, ba faɗa ya kawo su ba, ya ba mu zuwa sha biyu, daga nan motarsa tana da wani wurin. Suka zauna a baranda suna hira.

Mai Inji ya ce kansa na sara, idonsa na ganin hazo. Ya ɗauki fensir ya zana mini a bayan wani ambulan. Nan farko tsaunukan da aka saba gani za su fito, ya ce, nan gaba ma haka. Sai ya zagaye wani fili a tsakiya. A nan, in zinariya zalla ce da azurfa zalla, layin zai tafi a kwance. In wasu ƙananan tsaunuka suka tsiro a wurin, to sun haɗu a waje. Ya ce in zama idonsa. Ya murɗa abin da zai murɗa, akwatin ya fara turo takarda a hankali kamar harshe, layi baƙi yana hawa yana sauka.

Ba a kai filin ba ya ce, "Yaya, harshena ya yi nauyi." Kofin da ke hannunsa ya faɗi. Ya zame daga kujera ta gefen dama, a hankali, kamar rigar da ta suɓuce daga ƙusa. Na ƙwala wa mutanen baranda kira. Allah ya saka musu, mutanen kirki ne, su suka ɗauke shi cak suka sa a motar da suka zo kwasar ƙarfe. Na yunƙura zan bi su, sai ya damƙe wuyan hannuna da hagunsa, ya tura ni wajen akwatin. Bakinsa ya karkace amma idonsa na magana. Na tsaya.

Ni kaɗai na rage da injin, ban san abin da ake murɗawa ba, ban san abin da ake bari ba. Takardar ta ci gaba da zuba ƙasa. Biyu daga cikin mutanen suka dawo ɗaukar takalminsa da hularsa, ɗaya ya taka ta bai sani ba. Sha biyu na cika wani daga ofis ya zo ya ja babban makunnin bango. Famfon ya yi tuk, ya yi tuk, ya tsaya. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba sai ranar. Na yage takardar, ta kai tsawon mayafi, na ninke ta da sauri na tura a jaka.

Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ba mai ganinsa sai matarsa, sai bayan kwana biyu. Kwana biyun nan a kan takardar na yi su. Na shimfiɗa ta a gado, na ajiye ambulan ɗinsa a gefe, ina bi da yatsa. Ga na farko, ga na gaba, ga dogo, ga gajere, kamar yadda ya zana. Na sami filin. Daidai nan ninkin da na yi ya ratsa, daidai nan kuma sawun takalmin ya sauka. A cikin wannan tarkacen na ga wasu 'yan tudu uku, ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. In na kalla daga nan tsaunuka ne, in na karkata kai zanen ƙasan takalmi ne.

Sai na ce a raina, mutumin nan idonsa ya riga ya yi rauni, in na kai masa abu a cukurkuɗe me zai gani? Kuma wa ke kai wa mara lafiya abu a yamutse? Na jona dutsen guga, na rage shi can ƙasa kamar zan goge ɗankwalin siliki. Na ɗora a kan ninkin, na ja sau ɗaya. Da na ɗaga, wurin ya zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, siffar dutsen gugar sak, da ɗan tsininta. Dama da hagu tsaunukan suna nan lafiya. Filin ne kawai babu.

Na hura, na shafa, na ɗaga ta a rana, na sa a inuwa ko za ta huce ta dawo. Daga ƙarshe na nemi gidan Farfesa. Ya juya ta a gaban taga, ya ce ai irin wannan takardar da zafi ake rubutu a kanta, ba da tawada ba, kowa ya san haka. Na ce kowan da aka bari ya ƙetare layi. Ya ce babu abin da zai dawo da ita. Ya ba ni biro in zana abin da na gani, na zana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai iya zama su ne, zai iya zama dattin cikin injin, zai iya zama takalmi. Na ce a sake harbi mana. Ya dube ni kamar yadda ake duban mai zazzaɓi. Da na biya ta ɗakin injin, masu yanka sun gama. Ba tanki, ba bututu, sai ramin da ke jikin bango da layin rawaya a ƙasa. Gilashin da na ɗora da hannuna ya tafi cikin tankin.

A barandar asibiti na gaya wa matarsa da babbar 'yarsa abin da na yi. Matar ba ta zage ni ba, da ta zaga da na ji sauƙi. 'Yar ce ta riƙe hannuna ta ce, Gwaggo, don Allah in na shiga in ce masa abin ya fito yadda yake so, ya samu ya huta. Na ce to, wanne yake so? Ta dubi uwarta, uwar ta dube ni. Shekara ashirin ina shan shayi da tambayar nan, ban taɓa jin ya ce ga wanda ya fi so ba. Shi dai so yake ya sani. Ƙaryar ma ban san wacce zan yi ba.

Yana kwance kusa da taga, ya ƙanƙance, maƙogwaron nan ya ƙara fitowa. Hannun daman da ke rawa ya daina rawa, yana ajiye a kan zanin gado inda aka ajiye shi. Da ya gan ni bai kalli fuskata ba, jakata ya kalla. Ya yi wani sauti, sau biyu. Kwana tara ya ƙara a duniya bayan wannan, na koma sau uku, amma duk ban sake samunsa a farke ba, don haka zaman nan shi ne namu na ƙarshe.

Ban fito da takardar ba. Na jawo kujera, na kama tafin hannunsa na hagu na buɗe shi, na sa yatsana. Na zana masa na farko, dogo, gajere, dogo, kamar yadda suka fito. Yana lumshe ido a kan kowanne, irin yadda yake yi in ya kara sukudireba a kunne. Da na iso tsakiyar tafin na tsaya. Ya buɗe ido yana jira. Na ɗiga masa uku, ƙanana, sai na ji yatsunsa sun fara rufewa a kan nawa.

Na ce, "Tsaya, Mai Inji, kar ka yi murna tukuna. Uku na gani, a daidai inda ka zagaye. Ko su ne, ko sawun takalmi ne, Allah bai sanar da ni ba. Na so in gyara maka ita don ka gani da idonka, sai na sa mata dutsen guga. Ka ce kar in taɓa, na taɓa. Yanzu babu inda suka rage sai a kaina, kaina kuma bai iya karatu ba."